Nazarin Lamari: Ragon Balami Mai Karaya da Maganin Barci na Shaƙa a Birnin Kano

Asalin lamarin

Dabbar da wannan nazari ya shafa rago ne Balami, ɗan shekara biyu da rabi, mai nauyin kilo 68, wanda wani magidanci a unguwar Ɗorayi yake kiwo a bayan gidansa domin barbara. Wata safiya a tsakiyar watan Janairu, hunturu yana kaɗawa, ragon ya tsinke igiya ya fita layi, ƙafarsa ta baya ta hagu ta zurma cikin tsagar murfin kwata, ya fizga da ƙarfi, ƙashin ƙwauri ya karye. Fata ba ta fashe ba, kuma ragon bai daina cin abinci ba. Maƙwabta sun ba da shawarar a yanka shi tun bai rame ba, amma mai shi ya ƙi, saboda ya daɗe yana neman irin wannan jinin, kuma tumakinsa uku ne kawai suka samu ciki daga gare shi.

Kwana na 1 zuwa na 4: ɗorin gida

A ranar da abin ya faru aka kira mai ɗori, ya ja ƙafar, ya jera karare ya ɗaure da tsumma. Irin wannan ɗori yakan yi amfani idan karayar tana ƙasa, kusa da kofato, inda ƙashi yake miƙe kuma babu tsoka mai yawa. A nan karayar tana tsakiyar ƙwauri, tsokar cinya tana jan guntun sama, kararen kuma ba su kai su riƙe gwiwa ba. A kwana na huɗu ƙafar ta kumbura a ƙasan ɗaurin, tana lilo idan ragon ya motsa, cin abincinsa ya ragu. Aka kai shi wani ƙaramin asibitin dabbobi, aka kwance ɗorin, aka ɗauki hoton ƙashi. Hoton ya nuna karaya a karkace, guntayen sun haye juna. Likitan ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe da sukurori, aikin da ba zai gaza awa ɗaya da rabi ba.

Kwana na 5: gwajin allurar barci

Wannan asibiti ba shi da na'urar ba da maganin barci na shaƙa, kamar yadda ƙananan asibitocin dabbobi da yawa ba su da ita, don haka aka tsara yin aikin da allura: zailazin, miligiram 0.1 ga kowane kilo, sannan ketamin a jijiya. An gaya wa mai ragon a hana shi abinci tun daren jiya, sai dai daga baya aka gane cewa yaran gida sun zuba masa dusa da asuba saboda kukan da yake yi.

Ragon ya kwanta cikin 'yan mintuna. Ana cikin aske ƙafar, minti 12 da yin allurar, na'urar da aka maƙala masa a harshe ta nuna oksijin ɗin jininsa ya sauka zuwa kashi 82 cikin ɗari, dasashinsa ya fara yin shuɗi, numfashinsa ya zama gajere da sauri. Wannan ba baƙon abu ba ne ga tumaki. Zailazin yana taɓa huhunsu fiye da na sauran dabbobi, yana iya sa ruwa ya taru a ciki, oksijin ya kasa ratsawa zuwa jini. Duk da haka, da aka ja ƙafar don a gwada zurfin barcin, ragon ya harba. Aka ƙara ketamin. Minti shida bayan haka ruwan tumbi mai haɗe da dusa ya malalo ta bakinsa da hancinsa, alhali babu bututu a maƙogwaronsa da zai tare hanyar iska.

Likitan ya dakatar da aikin kafin wuƙa ta taɓa fata. Aka sunkuyar da kan ragon, aka share bakin, aka yi masa allurar atifamizol wadda ke warware zailazin, aka zaunar da shi a kan ƙirjinsa. Ketamin ba shi da makari, don haka sai da aka jira jiki ya sarrafa shi da kansa, ragon bai ɗaga kai sosai ba sai bayan kusan awa ɗaya. Aka sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda tsoron ko wani abu ya faɗa huhu, aka naɗe ƙafar da auduga mai kauri, aka tura shi wani asibitin mai zaman kansa a cikin gari wanda yake da na'urar.

Kwana na 6 zuwa na 8: jira, da bayanin na'urar

An jira kwana uku ana auna zafin jiki ana sauraron ƙirji. Zafin ya tsaya tsakanin digiri 39.0 da 39.4, babu tari, babu majina. A wannan karon aka kwantar da ragon a asibiti, aka hana shi abinci awa 18, ruwa kuma awa 8.

Mai ragon ya tambayi likita ko maganin shaƙar da za a ba ragon ya fi na farko ƙarfi ne. Likitan ya ce, "Alhaji, ba ƙarfi ya fi shi ba. Wancan idan ya shiga jijiya ya shiga ke nan, wannan kuwa ta numfashi yake shiga, ta numfashi yake fita." Wannan amsa tana buƙatar bayani, domin duk abin da ya faru washegari a kanta ya rataya.

Maganin da asibitin ke amfani da shi aisofuloren ne, ruwa garai a cikin kwalba wanda yake tafasa a digiri 48.5. Ko a ɗaki mai sanyin digiri 20, idan aka bar shi a rufe, tururinsa yana kaiwa kusan kashi 32 cikin ɗari na iskar da ke samansa, ninki ashirin na abin da tunkiya take buƙata, shi ya sa ba a jiƙa auduga da shi a kara wa tunkiya a hanci. Ana zuba shi a cikin wata tukunyar ƙarfe mai maɓallin murɗawa, oksijin daga tulu ya bi ta cikinta, kaɗan daga ciki ya ɗebi tururin ya haɗu da sauran, abin da ya fito ya yi daidai da lambar da aka saita. Daga nan iskar tana shiga zagayen bututai mai jakar roba da gwangwanin farar tsakuwar soda, wadda ke tsotse kabon dayoksaid daga numfashin da dabba ta fitar, domin a sake shaƙar sauran.

A cikin huhu tururin yana ratsa bangon ƙananan jakunkunan iska ya shiga jini, jini ya kai shi ƙwaƙwalwa da laka. Abin da ke sa barci shi ne matsin tururin a ƙwaƙwalwa, kuma wannan matsi yana bin na huhu ne. Jini yana tsakani kamar hanyar ruwa a lambu: idan hanyar yashi ce, sai ta sha ta ƙoshi kafin ruwa ya isa komi. Maganin da jini ke sha da yawa yana jinkirin kamawa, yana kuma jinkirin saki. Idan jini da iska suka daidaita, jini yana riƙe aisofuloren ninki 1.4 na abin da ke cikin iskar, a sauran magungunan shaƙa kuwa, halotan kimanin ninki 2.4, sebofuloren ƙasa da 0.7. Haka nan hanta ba ta da aiki sosai a kan aisofuloren. A jikin ɗan Adam an auna cewa kimanin kashi 0.2 cikin ɗari kawai take sarrafawa, sauran duk huhu ke fitarwa, alhali halotan, wanda aka fara amfani da shi a Ingila a 1956, kusan kashi 20 cikin ɗari nasa yana bi ta hanta.

Ma'aunin da ake kwatanta ƙarfin waɗannan magunguna da shi, wanda likitoci ke kira MAC, shi ne yawan tururi a huhu da zai hana rabin dabbobi motsi idan aka ji musu ciwo. Merkel da Eger ne suka fara bayyana shi a 1963, a kan karnuka. Na aisofuloren a kare kimanin kashi 1.3 ne, a kyanwa 1.6, a tunkiya kimanin 1.5. Tun da rabi ne kawai ke kwanciya a wannan adadi, tiyata takan buƙaci a ɗara shi kaɗan, sai fa idan an haɗa da wani maganin da ke rage buƙatar.

Kwana na 9: rabin awa ta farko

Da ƙarfe 9:10 na safe aka sa wa ragon robar ƙarin ruwa a jijiyar wuya, aka ba shi meloksikam saboda ciwo, aka shaƙa masa oksijin zalla na minti biyar. Ba a yi amfani da zailazin ba. An kwantar da shi da dayazifam, miligiram 0.25 ga kowane kilo, da ketamin miligiram 5 ga kowane kilo. Bakin tunkiya ba ya buɗewa da faɗi kuma maƙogwaron yana can ciki, don haka sai a gwaji na biyu bututu mai faɗin milimita 9 ya shiga, aka hura balan-balan ɗin da ke jikinsa ya toshe gefe. Aka zura wani bututun zuwa tumbi, aka tokare wuyan da matashi yadda baki zai kalli ƙasa, yawu ya riƙa zuba a bokiti. Sannan aka yi masa allurar lidoken a gadon baya, tsakanin ƙashin baya na ƙarshe da ƙugu, domin ta kashe ƙafafun baya.

Da ƙarfe 9:25 aka haɗa shi da na'ura, aka saita maɓalli a kashi 2, oksijin kuma lita 1 a minti, saboda tulun da ke asibitin ya wuce rabi kuma ana son ya kai ƙarshen aiki. Bayan minti bakwai ragon ya fara tauna bututu, yana ƙifta ido da zarar an taɓa gefensa. Ketamin yana sakinsa, aisofuloren bai kama ba. Mai kula da barcin ya duba tukunya ya ga akwai magani, ya duba bututai bai sami yoyo ba. Matsalar lissafi ce. Zagayen bututan da jakar da gwangwanin suna ɗaukar iska kusan lita 6, kuma iskar ɗaki ce a cikinsu tun farko. Idan sabuwar iska tana shiga lita 1 a minti, sai an yi minti 6 kafin abin da ke cikin zagayen ya kai kashi 63 cikin ɗari na lambar maɓalli, sai minti 18 kafin ya kai kashi 95, wannan ma idan babu dabbar da ke tsotse maganin a ɗaya gefen. Maɓalli yana cewa 2, ragon kuwa abin da yake shaƙa bai kai 1 ba.

Aka ɗaga oksijin zuwa lita 4, maɓalli zuwa kashi 3.5. Da wannan gudu zagayen yana cika cikin minti biyar. Muƙamuƙin ragon ya saki, ƙiftawa ta tsaya, aka ci gaba da wanke ƙafar. A daidai lokacin aka ɗauke wuta. Na'urar barcin ba ta damu ba, domin matsin oksijin ne ke tafiyar da ita, na'urar sa ido kuma ta koma kan batiri, amma hankalin mutane biyu daga cikin ukun da ke ɗakin ya tafi kan tayar da janareta da gyara fitila. Maɓallin ya zauna a kashi 3.5 har minti tara.

Da ƙarfe 9:48 matsakaicin matsin jininsa ya sauka zuwa 52, alhali ana so kada ya gaza 60 zuwa 65. Numfashi ya koma sau 6 a minti, jakar roba tana motsi da ƙyar, sannan ta tsaya cik. Aisofuloren yana buɗe hanyoyin jini, yana rage ƙarfin bugun zuciya, yana kuma dakushe sashen ƙwaƙwalwa da ke umartar numfashi, kuma duk waɗannan suna ƙaruwa ne gwargwadon yawansa. Allurar gadon baya ita ma tana saukar da jini, sai biyun suka haɗu. Aka rufe maɓallin gaba ɗaya, aka matse jakar aka zubar da iskar da ke cikinta ta bututun da ke fita taga, aka cika ta da oksijin zalla, aka fara hura wa ragon numfashi da hannu sau 10 a minti, aka ƙara gudun ruwan jijiya. Hura numfashin shi ne jigon gyaran, domin dabbar da ba ta numfashi ba ta da hanyar fitar da maganin. Cikin minti huɗu matsin jini ya koma 66, a minti na shida ragon ya ci gaba da numfashi da kansa. Aka buɗe maɓalli a kashi 1.5, oksijin lita 2.

Kwana na 9: tiyatar kanta

An fara yanka da ƙarfe 10:00. Ragon bai motsa ba, bugun zuciyarsa ya tsaya tsakanin 80 da 88. Asibitin ba shi da na'urar da ke auna yawan maganin a numfashi, don haka duk minti biyar ake duba muƙamuƙi, gefen ido, bugun zuciya, matsin jini da motsin jaka, a rubuta a takarda.

Wajen ƙarfe 10:25 gefen hagu na cikin ragon ya yi tozo, oksijin ɗin jini ya sauka daga 97 zuwa 91. Dabba mai tuƙa ba ta gyatsa idan tana cikin barcin magani, ƙwayoyin halittar da ke tumbi kuwa ba sa daina aiki, iskar da suke samarwa tana taruwa ta danne huhu. Bututun tumbin ya toshe da ɗanyen abinci. Aka hura shi, aka ɗan ja shi baya, iska ta fito, oksijin ya koma 96.

Sanyi ya biyo baya. Ɗakin yana da sanyin hunturu, teburin ƙarfe ne, oksijin daga tulu busasshe ne mai sanyi, hanyoyin jinin fata kuma a buɗe suke. Zafin jikin ragon ya sauka daga 39.1 zuwa 37.6 a awa ta farko, ya kai 36.8 da ƙarfe 11:00. Duk digiri ɗaya da jiki ya rasa yana rage buƙatar maganin da kusan kashi 5 cikin ɗari, ma'ana lambar da ta yi daidai ɗazu ta fara yin yawa yanzu. Matsin jini ya sake gangarowa zuwa 61. Aka rage maɓalli zuwa 1.2, aka lulluɓe ragon da bargo, aka jera robobin ruwan ɗumi naɗe da tawul a jikinsa.

Da ƙarfe 11:15, ana ɗaure sukurori na ƙarshe, bugun zuciya ya tashi daga 84 zuwa 118, matsin jini ya haura, numfashi ya yi sauri, amma muƙamuƙi a sake yake. Lidoken ɗin gadon baya ne ke ƙarewa. Aisofuloren yana gusar da hankali yana hana motsi, amma ba maganin ciwo ba ne na kirki, saƙon ciwon yana ci gaba da isa laka ko da dabbar ba ta sani ba. Maimakon a mayar da maɓalli can sama, aka ba da ɗan ketamin, miligiram 0.5 ga kowane kilo, aka ɗaga maɓallin zuwa 1.5 kawai, aka zuba lidoken kaɗan a bakin raunin kafin ɗinki. Bugun ya sauka zuwa 92. An gama ɗinki da ƙarfe 11:40.

Farfaɗowa

Aka rufe maɓalli, aka bar oksijin yana gudu lita 4 na minti biyar don ya wanke zagayen, aka zaunar da ragon a kan ƙirjinsa. Ya yi gyatsa mai ƙarfi a minti na takwas, ya fara haɗiya da tauna a minti na 14, sai a lokacin aka zare bututun da sauran iska a balan-balan ɗinsa, domin ya sharo duk abin da ya taru a samansa. Ya ɗaga kai a minti na 20. Ƙafafun baya sun ɗan jima kafin su dawo daidai, don haka aka hana shi yunƙurin tashi har ƙarfe ɗaya na rana. Da la'asar zafin jikinsa ya koma 38.7, ya ci harawa kaɗan, ya fara tuƙa da daddare.

Mako na 2 zuwa na 12

An cire zare a kwana na 14 bayan aikin. An killace ragon a ɗaki mai shimfiɗar yashi, ba a bar shi ya haɗu da tumaki ba. Hoton mako na takwas ya nuna sabon ƙashi ya haɗe karayar. A mako na 12 yana tafiya da ɗan ɗingishi da ba a lura da shi sai ya yi sauri, nauyinsa kilo 65.

Abin da lamarin ya nuna

Gwajin kwana na biyar ya gaza ne saboda abubuwa uku da suka haɗu: tumbi cike, hanyar iska babu kariya, da magungunan da ba a iya rage su bayan sun shiga jini. Ba za a ɗora laifin a kan allura ita kaɗai ba, domin ana yin gajerun ayyuka da ita a kan tumaki kullum lafiya. Ba ta dace da aikin awa biyu a kan rago mai kilo 68 ba ne. Kuma a ganin mai wannan rubutu, rabin nasarar kwana na tara ta bututun maƙogwaro da oksijin ce, ba ta aisofuloren ba. Da an sami waɗannan biyu a kwana na biyar, da aman tumbin bai zama barazana ba.

A kwana na tara an yi kuskure biyu masu kama da kishiyoyin juna, barci bai kama ba da farko, sannan ya yi zurfi fiye da kima, amma tushensu ɗaya ne: ɗaukar lambar maɓalli a matsayin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar dabba. Tsakanin biyun akwai faɗin zagayen bututai, gudun oksijin, ƙarfin numfashi da abin da jini ke sha. Tattalin oksijin da aka yi a farkon aiki shi ya jawo gaggawar murɗa maɓalli zuwa 3.5, kuma a ƙarshe an ƙone oksijin fiye da wanda aka so a adana. Kuskure na biyu ya fi na kwana na biyar kusa da kisa, amma an warware shi cikin minti shida saboda maganin yana da ƙofar fita, kuma akwai hannun da zai matsa jakar.

Allurar gadon baya ita ta ba da damar riƙe ragon a kashi 1.2 zuwa 1.5 ana huda ƙashi, adadin da shi kaɗai ba zai isa ba. Dalilin yana cikin inda maganin yake aiki. A ƙwaƙwalwa yana ƙarfafa hanyoyin da ke kwantar da ƙwayoyin jijiya, musamman masu karɓar GABA, sinadarin da ke dakushe saƙon jijiya, yana kuma raunana masu tayar da su, daga nan gushewar hankali take zuwa. Hana motsi kuwa yawancinsa a laka yake faruwa. An nuna haka a kan awaki a 1993, lokacin da Antognini da Schwartz a Jami'ar Kalifoniya suka raba jinin kai da na gangar jiki, suka aika aisofuloren zuwa ƙwaƙwalwa kaɗai: abin da ake buƙata don hana akuya motsi ya tashi daga kashi 1.2 zuwa 2.9. Lidoken ya tare saƙon ciwo tun kafin ya shiga lakar, sai aikin da ya rage wa tururin ya zama kaɗan. Da ya fara ƙarewa da ƙarfe 11:15, zuciya ce ta fara nunawa, minti 25 kafin a gama ɗinki, kuma takardar da ake cikewa duk minti biyar ita ta sa aka gane tashin bugun tun ragon bai motsa ba.